Yarona ya ƙi yin kashi a fo, har na fara dukansa

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ba ni shawara. Yarona shekararsa 2 da wata 10, fitsari yana yi a fo in na tuna masa, amma kashi ko kusa. Sai dai ya laɓe bayan labule ya yi a wando, ko ya yi ta kuka sai na saka masa pampas. Yanzu ma sai ya kwana 3 har 4 bai yi ba, amma kullum wandonsa da ɗan shafe-shafen kashi. Wata 2 ke nan da na haifi ƙanwarsa, ga jego ga wanki. Surukata ta ce ni na sangarta shi, su nasu 'ya'yan kafin su fara tafiya sun daina ɓata jiki. Maigida yana mitar kuɗin pampas na mutum biyu, makarantar da za mu sa shi kuma sun ce sai ya daina sakawa. Na dake shi ya fi a ƙirga, ran nan har na ce masa dodon masai zai kama shi in ya ƙara. Da daddare ma jiƙa katifa yake. Anti na gaji, ji nake kamar ni ce na kasa."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya miki su duka biyun, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Sau biyu na karanta saƙonki, kuma duk cikin abin da kika lissafo, da maganar Hajiya surukarki da ta makaranta da ta kuɗin pampas, wuri ɗaya ne ya tsaya min a rai: yaro ya kwana 3 ko 4 bai yi bayan gida ba amma kullum wandonsa a ɓace. Ƙanwata wannan ba taurin kai ba ne, ba sangarta ba ce. Yaron nan tsoro yake ji, kuma alamu sun nuna cikinsa a cushe yake. In ba a fara daga nan ba, ko fo na zinare kika saya masa ba zai zauna ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Wata rana yaro ya yi kashi mai tauri ya ji zafi, wani lokacin har wajen ya ɗan tsage ki ga ɗigon jini. Daga ranar ya riƙe a ransa cewa kashi ciwo ne, to in ya ji yana zuwa sai ya matse. Shi kuma kashi muddin yana zaune a hanji, hanjin yana ta tsotse ruwan da ke cikinsa ne, sai ya ƙara bushewa ya ƙara girma, ranar da zai fito zafin ya ninka na farko, yaro ya ƙara tsorata ya ƙara matsewa, haka abin zai yi ta zagayawa. In aka daɗe a haka ƙarshen hanjin yana buɗewa ya saba da nauyin, har yaro ya daina jin alamar cewa lokaci ya yi, sai mai ruwa-ruwa da ke sama ya riƙa silalowa ta gefen mai taurin yana ɓata wando. Wannan shafe-shafen da kike gani sau da yawa shi kansa bai san lokacin da ya fito ba wallahi. Kinga ke nan wani dukan ya sha shi ne a kan abin da ba ya hannunsa.

Na san wannan a gidana, da ɗana na biyu. Ina wanke-wanke sai na ji gidan ya yi tsit, na leƙa ɗaki na same shi bayan ƙofa tsaye a kan yatsun ƙafa, ya harɗe ƙafafu, ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, fuskar nan ta yi jawur yana gumi. Ni a zatona yunƙurin yi yake, na ɗauko fo da gudu, ashe yunƙurin hana shi fitowa yake. Da na taɓa shi sai ya ce "Umma zafi". Har yau in na tuna muryar nan sai na ji wani iri, don kafin ranar na yi masa tsawa ba adadi. Ki lura da naki in ya shiga bayan labulen, inaga za ki ga irin wannan tsayuwar.

Saboda haka abu na farko, ki kai shi asibiti wajen likitan yara a satin nan, kar ki jira. Ki faɗa masa komai yadda kika faɗa min, kwana nawa yake yi, yadda kashin yake in ya fito, ko da jini, da maganar wandon. In ya tabbatar cushewar ciki ce akwai maganin da ke tausasa bayan gida da ake ba yara, kuma yawanci ba na kwana biyu ba ne, ana iya ɗaukar watanni ana sha har hanjin ya koma daidai yaro ya manta da zafin. Kuskuren da iyaye da yawa ke yi shi ne suna ganin ya yi sau biyu lafiya sai su ajiye kwalbar, bayan sati biyu a dawo gidan jiya. Ki bi yadda likita ya tsara har sai shi ya ce a tsaya. Dan Allah kuma kar ki ba shi maganin wankin ciki na manya daga kemis, kar a ɗura masa ruwan sabulu ta ƙasa, kar a jiƙa masa wani abu da sunan maganin basir ba a san me ke ciki ba, cikin yaro ɗan shekara 2 ba wajen gwaji ba ne.

Sai abinci. Mai jego da yaro ƙarami na san yadda ake yi, abin da ya fi sauƙi shi ake miƙa masa, Indomie, biskit, burodi da shayi, cincin, madara kofi bayan kofi don ya yi shiru. Duk waɗannan in suka yi yawa suna taimaka wa taurin. Ki ƙara masa gwanda, kankana, lemon zaƙi ya ci da tsokarsa ba ruwan kawai ba, mangwaro in lokacinsa ne, faten wake, miyar kuɓewa, miyar kuka, zogale, alayyafo. Ruwa kuma ki sa masa a ɗan kofinsa inda hannunsa zai kai, ki riƙa tuna masa, don yara in wasa ya yi daɗi mantawa suke da ƙishirwa, balle lokacin zafi.

Yanzu maganar duka da dodo. Ba zan ɓoye miki ba, dole a daina, yau ɗin nan. Ba wai ina ganin laifinki a matsayin muguwar uwa ba ne, muguwar uwa ba ta zama ta rubuto irin wannan saƙon, gajiya ce da rashin barci da surutun mutane suka taru a kanki. Amma ki duba, kashi ba ya fita sai jiki ya saki, jikin da ke jiran mari kuwa ba ya saki. Sannan kin ce masa akwai dodo a masai, kuma can ɗin kike so ya je ya tuɓe wando ya zauna. Ke da kanki in aka ce miki akwai maciji a banɗaki ai ba za ki tsuguna ba. Yaro a wannan shekarun duk abin da uwarsa ta faɗa gaskiya ne a wurinsa, bai san wasa kike ba. Ki ɗora shi a cinya ki ce masa babu dodo, Umma ce ta faɗa don ranta ya ɓaci, ki riƙe hannunsa ku shiga banɗakin tare da rana ki haska masa ko'ina ya gani da idonsa. Ki gaya wa duk yaran gidan da 'yar aiki in akwai, kar wanda ya ƙara tsorata shi da wannan.

In zuciya ta taso miki ki tuna balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a cikin masallacin Manzon Allah (SAW), sahabbai suka taso masa, Annabi ya ce su ƙyale shi kar su katse masa, da ya gama aka kawo guga na ruwa aka zuba a wurin. Babban mutum ne fa, kuma a masallaci. Ummu Ƙais bint Mihsan ma ta kawo jaririnta da bai fara cin abinci ba, Annabi ya ɗora shi a cinyarsa ya yi masa fitsari a tufa, ruwa kawai ya nema ya yayyafa. Duka biyun suna cikin Bukhari da Muslim. Na san damuwarki da najasa, mai sallah ba ta son ɗaki da zarni, amma najasar nan ruwa ke kawar da ita, ki ware zanen sallarki da dardumarki ki rataye sama inda ba zai kai ba, hankalinki zai fi kwanciya.

Kar ki manta kuma da ƙanwar. Wata 2 da suka wuce shi ne ɗan lelen gidan, yanzu wata ta zo ta karɓe bayan Umma da cinyar Umma, kuma yana kallo ita in ta ɓata pampas ana ɗaukarta ana mata wasa ana shafa mata hoda, shi in ya yi sai duka. Yara da yawa har waɗanda suka riga suka iya suna komawa baya in an yi musu ƙani, ko an tashi daga gida, ko an yaye su. Ki samar masa ko minti 10 ne a rana da zai zama nasa shi kaɗai, lokacin da jaririyar ta yi barci, ba waya a hannunki, ba maganar fo. Ki riƙa aikensa ya miƙo miki man shafawarta ko tawul ki ce sannu Yaya. Wannan kalmar ta Yaya tana aiki a zuciyar yaro fiye da yadda kike zato.

Ita kuwa Hajiya, gaskiya ta faɗa a kan zamaninsu, kar ki ƙaryata ta. Na taso na ga kakata tana yi. Da sassafe bayan jariri ya sha nono za ta zauna a kan 'yar kujera a tsakar gida ta miƙe ƙafafu, ta ɗan ware su, ta zaunar da shi a kan ƙwaurinta yana fuskantarta, ta riƙe hannayensa tana masa "sssss" tana masa wasa, ba a minti biyu ya yi, a wanke shi a kwashe a zuba toka a wurin. Ba mu kaɗai ba ne ma, a 1977 wasu masu bincike sun rubuta yadda 'yan ƙabilar Digo a Kenya ke fara irin wannan tun jariri yana da 'yan makonni, zuwa wata 5 ko 6 ya daina ɓata jiki. To amma ki lura da abin da ke ciki: jaririn yana bayan uwarsa yini guda, tana jin motsinsa ta san lokacinsa, babu pampas, tsakar gida ƙasa ce. Uwar ce ke kama lokacin, kuma ba da duka ake yi ba, da wasa ake yi. Naki ya taso cikin pampas mai shanye fitsari har bai san ya jiƙe ba, a ɗaki mai kafet, shekara kusan 3, rana ɗaya aka ce ya canja. Hanyar tasu ta wuce shi, amma ƙanwarsa ba ta wuce ta ba in kina so. Ni da ke ce, zan je in ce Hajiya likita ya ce cikinsa ne ya cushe shi ya sa, a taya mu da addu'a, sannan dan Allah ki koya min yadda kuke ɗora jarirai a ƙafa in fara wa wannan in ta yi ƙwari. Kinga kin ba ta girmanta, kin kuma janye bakinta daga kan yaron.

Kuma ki sani bai makara ba. Yawancin yara suna nuna alamar shiri ne tsakanin wata 18 da shekara 3, kamar ya yi awa 2 bai jiƙa ba, ya iya sauke wandonsa, ya san yana jin fitsari. Naki yana fitsari a fo, yana laɓewa in zai yi kashi, wato ya san lokacin da yake zuwa ke nan. Rabin aikin an gama.

Ga yadda zan so ki sake farawa. Sati 2 ko 3 na farko ki ajiye maganar kashi a fo gaba ɗaya, burinki kawai ya riƙa yi kullum ko bayan kwana ɗaya, mai laushi, ba kuka. In ya nemi pampas don zai yi, ki saka masa ba tare da ɗaure fuska ba, na san zai miki nauyi ga maigida na mita, amma pampas ɗaya a rana ya fi sauƙi a kan yaron da ya kwana 4 yana matsewa. Sharaɗi ɗaya kawai za ki sa a hankali, in an saka pampas ɗin a banɗaki ake yi ko kusa da fo, ba bayan labule ba. In ya gama ku juye a masai tare ya ga inda yake tafiya. Bayan kwanaki ya riƙa zama a kan fo da pampas ɗin a jikinsa, daga nan ki riƙa sassauta shi, wasu iyayen har huda ƙasan suke yi da almakashi, har ranar da za ki shimfiɗa shi kawai a cikin fo ɗin, daga nan a daina. Wani yaron sati 2 ya gama, wani sai ya kai wata 2, kar ki sa masa rana.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan cin abinci da kamar minti 15 zuwa 30, musamman karin safe, don in abinci ya shiga ciki hanji yana motsawa da kansa. Ki zaunar da shi minti 5 kawai, ya yi ko bai yi ba ya tashi, kar a bar yaro a kan fo rabin awa har ƙafarsa ta yi sanyi ya tsani abin. Tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, gwiwa ta ɗan fi ƙugu tsawo, irin zaman tsuguno, shi ne ke buɗe hanya. In masan zama ne na zamani a gidanku to a sa masa abin taka ƙafa, yaron da ƙafarsa ke lilo a sama tsoron faɗawa yake ji ba zai iya yunƙuri ba. Ki ba shi balan-balan ya hura, hurawar tana sa cikin ya tura ba tare da ya sani ba. Kuma kar ki tambaye shi "za ka yi kashi?" don amsar a'a ce kullum, ce masa za ki yi "zo mu zauna a fo mu hura balan-balan". In ya zauna ki yaba, ko bai yi komai ba, zaman ma nasara ce a yanzu. Ranar da ya yi kuwa ki tafa masa, ki kira Abbansa a waya a gabansa ki ba shi labari. In kuma ya kuskure a wando, "ba komai, gobe a fo za mu yi", ki wanke shi ki wuce, ba tsaki ba kallon banza.

Da rana a gida ki bar shi da ɗan fant na auduga ko gajeren wando mai roba da zai iya ja da kansa, ban da jins mai maɓalli da bel. Ki naɗe kafet ɗin falo na ɗan lokaci in zai yiwu. Fitsari ma a zaune ya riƙa yi, ya fi tsafta kuma sau da yawa a wannan zaman ne kashin ke biyowa. Abbansa ya shigo cikin aikin nan, zaman bayan karin safe ko na dare ya zama nasa, ke kina fama da mai shan nono, kuma ɗa namiji yana son ya kwaikwayi babansa, in ya ga Abba ya ɗauki buta shi ma zai nemi tasa. Ku saya masa 'yar ƙaramar buta mai kala, ku riƙa karanta addu'ar shiga yana ji, a shiga da hagu a fito da dama a ce gufranaka, a haka zai haddace ba tare da an zaunar da shi ba.

Wata magana da ba na so in tsallake: kashin yaro ba shi da wani tsarki da ya fi na babba, ƙwayoyin cutar gudawa da kwalara da taifot duk ta nan suke yawo, ga jaririya a gida. A juye fo a masai nan take, ba a kwata ko bola ko bayan katanga ba, a wanke shi da sabulu, ke da shi ku wanke hannu da sabulu duk bayan tsarki. In masan rami ne kar a bar shi ya shiga shi kaɗai, a rufe bakin ramin. Bokiti ko baho mai ruwa ma kar a bari a buɗe inda yake, yaro ƙarami yana iya kifawa ciki da ka ya kasa fitowa.

Fitsarin kwance kuma ki cire shi daga lissafi kwata-kwata yanzu, wannan ba koyarwa ba ce, girman jiki ne. Sai jikinsa ya fara rage yawan fitsarin da yake haɗawa da dare, kuma ƙwaƙwalwarsa ta iya tashinsa in mara ta cika, wannan kuwa ba a yi da bulala. Likitoci ba sa ɗaukarsa matsala kafin shekara 5, a shekara 5 ɗin ma kusan yara 15 cikin 100 suna yi, kuma yana bin jini, ki tambayi Hajiya a hankali wata rana ta ba ki labarin yaran gidansu. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ya kwana da pampas in da hali. Kar ki bari kowa ya kira shi amalala, ko da wasa.

Amma in kika ga yana kuka lokacin fitsari, ko zazzaɓi ba dalili, ko jini a fitsarin, ko yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana fitsari da yawa yana ramewa, ko cikin ya kumbura yana amai, wannan asibiti ne a ranar ba sai gobe ba. In kuma mai sikila ne to su dama fitsarin dare ya fi yawa a wurinsu saboda yadda ƙodarsu ke aiki, kuma su ba a rage musu ruwa ko kaɗan don gudun jiƙa katifa.

Makaranta kuwa ki je da kanki ki yi magana da malamar ajin, ki ce yana kan magani, za ki riƙa sako masa wando biyu da leda a jaka. In sun ƙi, a ɗaga zuwa zango na gaba, yaron da bai cika 3 ba babu abin da zai wuce shi a wata 3, kuma kai shi baƙon wuri da baƙon banɗaki yana tsakiyar wannan matsewar zai iya ƙara dagula abin. Shi ma maigida ki nuna masa wannan amsar ya karanta da kansa, in ya ga pampas ɗin yaron zai koma ɗaya da rana ɗaya da dare inaga mitar za ta ragu.

Ke ma ki nemi wadda za ta kama miki wanki ko sau 2 a sati, ƙanwa ko 'yar uwa, jego kike, jikinki bai gama komawa ba. In kun dawo daga wajen likita ki rubuto min abin da ya ce, da kwana nawa yaron yake yi yanzu tsakanin wannan da wancan, sai mu ga mataki na gaba tare. Ki shafa min kansa, Allah ya ba shi lafiya.